Sana'ar Da Rai Ke So: Jawabin Baƙo Mai Jawabi A Taron Shekara

 

An umarce ni da in yi magana a kan kuɗi da jin daɗi. Zan fara da kukan da nake yawan ji daga bakin iyaye mazauna birni: wai an kashe dukiya yaro ya yi digiri, ga shi ya ce shi ɗinki yake so, ko ɗaukar hoto, ko kiwon kifi. Sai uba ya ce wasa ne, domin a ganinmu aikin da ba a ɗaure fuska a cikinsa ba aiki ba ne.

Mu waiwayi tarihi. A cikin Hausa Bakwai, Kano da Rano ake yi wa laƙabi da sarakunan baba, saboda auduga da saƙa da rini. Lokacin da Bature Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin ƙasar nan na kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Hannun marina ne ya ɗaukaka sunanmu, ba kujerar ofis ba. A zamaninmu kuma, marigayi Rabilu Musa Ibro ya ajiye aikin gidan yari ya rungumi barkwanci, da shi ya ci abinci har Allah ya karɓi ransa a 2014.

Sai dai ku matasa, ku saurara da kyau. Ranar da aka fara biyanka don abin da kake so, ranar ya tashi daga sha'awa ya zama amana. Telan da ya karɓi ɗinkin Sallah ba shi da ikon cewa yau ba ya jin yi. Masu gidan rana suna zuwa da wa'adi da ƙorafin mai kaya, wani lokaci har su rage zaƙin abin. Don haka kafin ka bar albashi, tambayi kanka abu uku: Halal ne? Akwai mai saye? Zan iya yinsa ranar da raina ba ya so? In amsoshin sun zama e, to ka yi bismillah.

Roƙona ga ƙungiya shi ne, kowane mai sana'a a cikinmu ya ɗauki yaro ɗaya daga Rurum, Saji, Tarai ko Durba, a tambayi yaron abin da yake so kafin a zaɓa masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda aka tanƙwara ta inda bai karkata ba, karyewa yake yi.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya mai da kowa gida lafiya.