Jawabi Ga Dattawa Da Iyaye A Kan Waya Da Kwamfuta A Makarantunmu



Tun rikicin shekara ta 2000 da ta 2002, iyalai da yawa sun ƙaura zuwa Sabon Tasha da Barnawa. Mu da muka rage a Kawo, Malali da Unguwar Rimi ba mu da yawa, shi ya sa tarbiyyar kowane yaro ta zama nauyin dukan ikkilisiya.

Ba za mu iya korar kwamfuta daga makarantunmu ba. Tun 2015 da ita ake rubuta jarrabawar JAMB, yaron da bai saba da ita ba kuwa an cuce shi. Amma a 2023 hukumar UNESCO ta yi gargaɗi cewa waya a aji tana raba hankalin ɗalibi. A shekarar nan kuma gwamnatin ƙasar Suwidin ta fara mayar da littattafan takarda cikin azuzuwa.

Saboda haka muna roƙon dattawa abu uku. A firamare, yaro ya fara iya karatu da rubutu da hannunsa. A sakandare, a keɓe sa'o'in kwamfuta, malami yana tsaye a kansu. Waya kuma ta zauna a gida, har lokacin makarantar Lahadi.

Iyaye, mu ma mu ajiye namu lokacin sujadar iyali, gama yara suna kallonmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.