Yadda ƙarin albashi ke jefa talakan Amurka cikin rami



'Yan uwa, sau da yawa in an zauna hira za ka ji ana cewa ai a Amurka gwamnati ce ke ciyar da talaka. Wani kuma ya ce shi ya sa talakansu ya zama malalaci, har ana yi masa ƙarin albashi yana ƙi. To yau so nake mu ɗauki alƙalami mu yi lissafi, mu ga me zai sa mai iyali ya guji ƙarin kuɗi.

Da farko, gwamnatin tarayyarsu tana da abin da take kira layin talauci. A shekarar 2024, ga gida mai mutum huɗu, layin shi ne Dala 31,200 a shekara. Da wannan layin ake auna wanda ya cancanci taimako. Tallafin abinci da ake kira SNAP, a ƙa'idar tarayya, na wanda samunsa bai wuce kashi 130 cikin ɗari na layin ba ne, wato Dala 40,560, ko da yake wasu jihohi sun ɗaga. Shirin magani na Medicaid kuwa, a jihohin da suka faɗaɗa shi bisa dokar Obama ta 2010, iyaye na shiga ne in ba su wuce kashi 138 ba, wato Dala 43,056.

To mu ƙaddara ga magidanci da 'ya'ya biyu, yana karɓar tallafin abinci, da na haya, da kuma rangwamen haraji na ƙananan ma'aikata. Sai aka ƙara masa Dala ɗaya. Harajin da ake cirewa daga albashi ya ɗauke kusan santi 8. Tallafin abinci ya ragu da kamar santi 24. Kuɗin hayarsa ya ƙaru da santi 30, domin ƙa'idar ita ce ya biya kashi 30 cikin ɗari na samunsa. Rangwamen harajin, in albashi ya haura wani mataki, shi ma ya ragu da santi 21. Ku haɗa ku gani. Sama da santi 80 sun tafi! Ya yi gumin Dala guda, abin da ya shiga aljihunsa bai kai santi 20 ba. Alhali attajirin ƙasar, mafi girman harajin kuɗin shiga na tarayya a kan albashinsa kashi 37 ne.

Wannan ma gangara ce, ana sauka a hankali. Akwai inda rami ne. Ranar da samunsa ya tsallake layin, ko da da 'yan Daloli ne, sauran tallafin abincin ya yanke gaba ɗaya. In Medicaid ne, shi da matarsa su fita, su koma sayen inshora suna biyan wani kaso. Mafi ciwo shi ne tallafin rainon yara, domin a can sau da yawa uwa ba ta da kaka ko ƙanwa a gida da za ta bar wa yaro, kuma kuɗin gidan raino a wasu jihohi ya fi Dala 10,000 a shekara. An yi mata ƙarin dubu ɗaya, ta rasa na dubu biyar. Don Allah, in kai ne, za ka karɓa?

Ka ga ke nan ba lalaci ba ne, lissafi ne. Kowane shiri da ofishinsa da ma'auninsa, an tsara su daban-daban, ba wanda ya zauna ya haɗa su ya ga yadda suke faɗowa kan mutum ɗaya. Kuma ba a rasa gyara ba. A Ingila an dunƙule tallafi shida ya zama ɗaya, ana ce masa Universal Credit, kuma a 2021 aka mayar da ragin ya zama kwabo 55 a kowace Fam. Ragin da yawa, amma dai duk wanda ya ƙara aiki zai ga ƙari a hannunsa.

Saboda haka 'yan uwa, kafin ka kira talaka malalaci, tambayi abin da zai rasa in ya motsa. Kuma duk wanda wata rana aka damƙa wa rabon taimako, ko na unguwa ne, kada ya janye hannu rana ɗaya don ya ga mutum ya fara samu. A rage masa sannu a hankali har ƙafarsa ta tsaya.