Wa'azi a Kan Kyautar Ƙoda da Sayar da Ita

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, an tambaye mu hukuncin mutumin da ya ba ɗan'uwansa ƙodarsa, da wanda ya sayar da ita.

Ku sani, Allah ya halicci ɗan Adam da ƙoda biyu, su ke tace jini, su fid da dattinsa cikin fitsari. Kadan duka biyun suka mutu, ba sauran dabara sai wankin ƙoda ko dashe. Mai ƙoda guda lafiyayya kuwa yana rayuwa da ita. A shekarar 1954 aka fara cin nasarar dashen a Boston ta Amurka, tsakanin tagwaye.

Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 1985, ta halatta wannan bisa sharuɗɗa huɗu. Na fari, kada cirewar ta ɓata rayuwar mai bayarwa, zama ba a gusar da cuta da cuta irinta. Na biyu, ya bayar da yardarsa, ba tilas. Na uku, ya zama babu wani magani sai shi. Na huɗu, likitoci su rinjayar da zaton nasara. Saboda haka uban da ya matsa wa ɗansa, ko mijin da ya tsorata matarsa har ta yarda, ya ɓata sharaɗi na biyu.

Amma sayarwa, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta hana ta a Jidda a 1988. In ka ce, ai jikina ne, sai mu ce: amana ce a hannunka, mai riƙon amana kuwa ba ya sayar da ita. Dubi kuma wanda ke sayarwa, kullum matalauci ne, mai saye mawadaci. A 2023 kotun London ta ɗaure wani sanatan Nijeriya saboda an kai wani saurayi ɗan talla daga Legas domin a cire ƙodarsa.

To, almajirai, kadan dillali ya zo muku da kuɗi, ku ƙi, ku faɗa wa malaminku. Malamai kuma kada ku hana mai son ceton ɗan'uwansa don Allah, zama ceton rai lada ne babba.

Allah shi ne mafi sani. Wassalamu.