Madogara da manazarta a daftarin bincike: jawabin da aka gabatar a taron reshe



An nemi in yi magana a kan yadda ake ambaton madogara a daftarin binciken kimiyya, domin da yawa daga cikinmu suna ƙarin karatu, wasu kuma suna neman tallafin bincike daga hukumomi irin su TETFund. Bari in fara da wani labari daga Amurka.

A shekarar 1980, mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga wata gajeriyar wasiƙa, sakin layi ɗaya tak, daga Jane Porter da Hershel Jick. Sun ce a cikin majinyata 11,882 da aka ba magungunan kashe zafi masu sa maye a asibiti, huɗu kawai aka samu sun kamu da jarabar maganin. Majinyatan nan a kwance suke, likita na sa musu ido. Amma sai marubuta suka yi ta kafa hujja da wasiƙar cewa maganin ba ya kama mutum, har ga wanda zai daɗe yana sha a gida. A 2017 wasu masu bincike suka ƙirga, suka tarar an ambace ta sau 608, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari sun ɗora mata abin da ba ta faɗa ba. Da wuya a ce dukkansu sun karanta ta. Wani ya kwafa daga wani ne, kuma maganar ta taimaka wajen yaɗuwar shan magungunan da suka hallaka dubban mutane.

Mu da muka tashi muna jin isnadin hadisi, wane daga wane, bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Kada ka jingina magana ga littafin da ba ka buɗe ba. In a wurin wani ka gan ta, faɗi haka, sa'annan ka sa wanda ka karanta ɗin a manazarta.

Game da tsari, yawancin tsangayoyin ilimi suna bin salon APA, wanda bugunsa na bakwai ya fito a 2019. A cikin rubutu ana sa sunan marubuci da shekara a baka biyu, kamar (Fafunwa, 1974). In kalmominsa ka ɗauko kai tsaye, sai ka sa su cikin alamar zance, ka ƙara lambar shafi. In sun kai kalma 40, a ware su a sakin layi na daban. Marubuta uku ko fiye, na farko kaɗai ake ambata tare da "et al." A manazarta ana jera sunaye bisa abacada, an daina rubuta garin da aka buga littafi, maƙalar da ke da lambar DOI kuma a sa mata ita. Masu fannin lafiya sukan bi salon Vancouver, mai amfani da lambobi. Tambayi sashenka wanne suke so tun kafin ka fara, kuma kada ka gauraya biyu.

Sunayenmu ma sukan rikita mu. Ibrahim Yaro Yahaya, mai Hausa a Rubuce na 1988, zai fito ne a matsayin Yahaya, I. Y. Ba a sa Farfesa, ba a sa Alhaji, komai girman mutum a idonmu.

Na taɓa duba wani daftari da ya ambaci ayyuka masu yawa a ciki, amma kusan rabinsu babu su a manazarta. Marubucin ya yi karatu, sai dai bai riƙa rubuta inda ya samo komai ba, ya bari sai daren ƙarshe. Masu tantancewa ba su san wannan uzuri ba. Abin da suke gani shi ne mutumin da za a damƙa wa kuɗin bincike bai iya riƙe lissafin littattafansa ba. Haka nan masu neman taimakon manhajojin ƙirƙirarriyar basira su yi hattara, domin sukan ƙago sunan maƙalar da ba a taɓa rubutawa ba.

Saboda haka ku tanadi littafin rubutu guda, ko manhajar Zotero wadda kyauta ce, ku shigar da marubuci da shekara da shafi a ranar da kuka karanta. Kafin miƙa daftari, ku ba abokin aiki ya bi sunayen ciki ɗaya bayan ɗaya yana gwada su da na manazarta.