Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Jawabi kan Koyar da Kwamfuta a Firamare

Shugaban reshe, shugabannin makarantu, 'yan'uwana malamai na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ina gaishe ku.

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya, WAEC kuma ta fara bin sahu a 2024. Ke nan yaron da ke aji huɗu a hannunmu yau, gaban na'ura zai zauna ranar da za a auna shi. In ranar ce yatsunsa za su fara taɓa madannai, lokacinsa zai ƙare wajen laluben haruffa, ko da ya san amsa.

Manhajar da hukumar NERDC ta tsara ta daɗe da sanya darasin kwamfuta a firamare. Sai dai makarantunmu da dama ba na'ura, ba lantarki, darasin ya koma haddar sunayen sassan abin da yara ba su taɓa gani ba.

Kafin kaya su iso, akwai abin da alli zai iya. Tushen aikin kwamfuta shi ne jera umarni daki-daki, kuma sunan wannan fanni a Turance ya samo asali daga Al-Khawarizmi, masanin lissafi na Bagadaza a ƙarni na 9. Sa yaro ya rubuta matakan dama kunu, wani ya bi su yadda aka rubuta. In aka tsallake mataki, ajin ya gano shi, ya gyara. A zana madannai a kwali, kowa ya saba da mazaunin haruffa. A koya musu ɓoye lambar sirri, domin a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ana cinikin dabbobi da kuɗin da ake turawa ta waya, 'ya'yan nan ne kuma ke karanta wa iyayensu saƙon banki.

Sauran kuwa haƙƙi ne da ƙungiya za ta nema da murya ɗaya: a horar da malamai a Kwalejin Ilimi ta Gumel, a sa wutar sola kafin a kawo na'urori, a ware kuɗin gyaransu. Inda aka samu kwamfuta ko da ɗaya ce, a fito da ita daga ofishin hedimasta, 'yan mata su samu rabonsu daidai da maza.

Allah ya yi mana jagora.