Gida Ba Ya Cika Sai Da Hanyar Ruwa

Wannan jawabi ne da wani malamin duba-gari ya yi wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa.

 

Yau zan yi magana ne a kan gidaje da kuma ruwan da yake fita daga cikinsu. Kowa ya san yadda garuruwanmu suka cika a shekarun nan. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa, mutane suka kwaso iyalansu suka dawo cikin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Gidan da ke da mutum goma, yanzu za ka tarar da ashirin ko fiye. Masai kuwa ɗaya ne, wuriya ɗaya ce.

Mutane sukan tambaye ni, wai ina gidajen gwamnati? Bari in ba ku tarihi kaɗan. Shugaba Shehu Shagari, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, ya yi niyyar gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara. An gina wasu, har yau ana ce masu gidajen Shagari, amma ba a kai ko kusa da adadin ba. A 1991 aka fito da manufar gidaje ta ƙasa. A 1992 aka kafa asusun gina gidaje, inda ake cire wa ma'aikaci naira biyu da rabi cikin kowace naira ɗari ta albashinsa, domin ya samu rance daga baya. A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta aza harsashin gidaje 250 a birnin Katsina.

To, jama'a, ku yi lissafi da kanku. Jiharmu tana da ƙananan hukumomi 34. Asusun nan an tsara shi ne da mai albashi a zuciya. Manomin masara ko auduga, wanda kuɗinsa sai kaka, da wuya ya kai gare shi. Saboda haka yawancinmu mu ne za mu gina wa kanmu, da jar ƙasa ko da bulo, kamar yadda iyayenmu suka yi. Wannan ba abin kunya ba ne. Abin da ya kamata mu nema wurin hukuma shi ne fili mai tsari.

Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da filayen karkara. Tsarin mulkin 1999 kuma ya ɗora mata aikin gina lambatu da bayan gida na jama'a da kwashe shara. Ba alfarma ba ce, aikinta ne. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Don haka in za a yanka sababbin fulotai, ku je wurin kansilanku tare da mai unguwa. Ku tambaye shi ina hanya, ina lambatu, kuma ina ruwan zai zuba. A yi wannan tambaya kafin a aza tubali. In an riga an yi gini, ba mai yarda a rushe masa katanga.

Kada kuma arha ta ja ku sayen fili a kan hanyar ruwa. Mu nan kudancin jiha mun fi arewa samun ruwan sama. Duk da haka, a Jibiya da ke can arewa, ambaliyar watan Yuli na 2018 ta ci rayuka fiye da 40 cikin dare guda, ta rushe gidaje masu yawa. Ruwa ba ya manta hanyarsa.

Yanzu sai mu shiga cikin gida. Ruwan wanka da na wanke-wanke yakan bi wuriya ya fita lungu, ya kwanta. Yana jiƙa gindin katanga har ta zube da damina. Sau nawa maƙwabta suka kai juna gaban mai unguwa a kan ruwan kwata? Sannan inda ruwa ya kwanta, nan sauro yake ƙwai. Cikin kwana goma, ko ƙasa da haka, ƙwan ya zama sauro mai cizo.

Maganin wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A haƙa rami a bakin wuriya, zurfinsa kamar mita ɗaya, faɗinsa ma haka. A nisanta shi da gindin katanga. A zuba manyan duwatsu a ƙasa, ƙanana a sama, a rufe. Ƙasa za ta riƙa shanye ruwan a hankali. Inda ƙasar take da laka, sai a ƙara wa ramin girma. Ku mata, ku riƙa tace ragowar tuwo da toka kafin ku zubar da ruwa, don su ne suke toshe ramin.

Sai batun masai, wanda ya fi komai haɗari. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000. Jihar Katsina tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Cutar tana shiga ciki ne ta ruwa ko abincin da ƙazanta ta taɓa. Saboda haka tsakanin masai da rijiya a bar aƙalla mita 30, wato kamar taku 40 na babban mutum. In wurin yana da gangare, rijiya ta kasance a sama, masai a ƙasa. Ku auna har da rijiyar maƙwabci, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba. A yi wa bakin masai murfi, a ajiye buta da sabulu ko toka a kusa.

A 2019 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da yaƙi da yin bahaya a fili. A 2022 maƙwabciyarmu Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta daina. A nan jihar, hukumar RUWASSA ce take kula da ruwan sha da tsabta a karkara.

Ga aikin gida. Tun da kun iya rubutu, kowane aji ya zagaya unguwarsa. Ku rubuta gidajen da ba su da masai, da lungunan da ruwa yake kwanciya. Ku yi takarda biyu, ɗaya ga mai unguwa, ɗaya ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Ku sa kwanan wata, ku kuma riƙe kwafi a hannun malaminku.

Wanda yake da tambaya, bisimilla.