Kayan Saita Na'urorin Taimakon Direba da Sharuɗɗan Amfani da Su

Motocin zamani suna ɗauke da tsarin taimakon direba, wanda ake taƙaita sunansa da ADAS, wato na'urorin da ke taka birki da kansu idan sun hango karo, su kuma yi gargaɗi idan mota ta fara barin layinta. Tun daga watan Yuli na 2024 Tarayyar Turai ta wajabta birkin gaggawa mai aiki da kansa a kan kowace sabuwar ƙaramar mota. Tsarin ya dogara da kyamarar da ke manne a bayan gilashin gaba, da kuma rada, na'urar da ke aika igiyar rediyo ta auna nisa da gudun abin da ke gabanta, wadda galibi take ɓoye a bayan bamba.

Duk lokacin da aka canza gilashi, ko aka cire bamba, ko aka taɓa ƙafar mota, sai an sake saita waɗannan na'urori, domin karkatar digiri 1 kacal tana zama kuskuren kusan mita 1.75 a nisan mita 100, wato kimanin rabin faɗin layin babbar hanya. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne sau da yawa babu fitilar gargaɗin da za ta kama, mota za ta ci gaba da yanke hukunci bisa gurgun gani, direba kuwa ya saki jiki.

A saitin da ake yi mota na tsaye, ana kafa wani firam a gabanta, a rataya masa allo mai zanen baƙi da fari domin kyamara, da faifan ƙarfe ko dala mai kusurwa uku da ke mayar wa rada igiyarta, sannan a jona kwamfutar bincike a soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari. Kamfanoni irin su Bosch, Hella Gutmann da Autel suna ƙera irin waɗannan kayan. Wahalar aikin tana wajen tsayar da allon, domin ba da hancin mota ake daidaita shi ba, da layin da tayoyin baya suke tura ta a kai ake yi, shi ya sa ake ɗaura leza ko alamomin awo a tayoyin. Dole daɓen gareji ya zama shimfiɗaɗɗe, iskar taya ta cika daidai, but ya zama babu kaya, haske kuma kada ya riƙa ƙyalli a fuskar allon. Garejin da ya sayi firam mai tsada amma daɓensa ya gangara bai mallaki kayan aikin ba tukuna.

Lamarin ya shafi Najeriya da Nijar kai tsaye, saboda da yawa daga cikin motocin da ke shigowa ta Legas da Kwatano sun taɓa yin haɗari a Amurka, ana gyara musu gaba a fesa fenti ba tare da an waiwayi radar ba. Wasu motocin kuma a kan hanya suke kammala saitinsu, cikin gudun da kamfani ya ƙayyade, kuma kyamara ba ta iya kammala shi a titin da fentin layinsa ya goge.